Wasan Harbin Saiti: Ya Dace Da Makarantunmu Ko Bai Dace Ba?

 Abin da nake so in yi magana a kansa a wannan fili namu shi ne wani wasa wanda ba ya cikin jerin wasannin da muke yi da la'asar, watau harbin saiti da bindigar iska da kuma ƙaramar bindiga mai lamba .22. Na san da jin kalmar bindiga gaban waɗansu zai faɗi, su ce me ya kai yaron nan. Ina roƙo a yi mini haƙuri a karanta har ƙarshe, sa'an nan a yanke hukunci. Ra'ayina dai shi ne wasan nan ya cancanci a buɗe masa ƙofa a makarantun sakandare na ƙasarmu, amma bisa sharuɗɗa masu tsanani waɗanda zan lissafa a gaba. Dalilina kuwa shi ne abin da yake koyarwa, watau mallakar kai, shi ne abin da yaro mai shekaruna ya fi bukata.

Da farko bari mu san abin da ake nufi da harbin saiti. Ba a harbin tsuntsu ko dabba. Takarda ake kafawa daga nesa, wadda aka zana wa zobba wani cikin wani. Zoben waje maki ɗaya ne, ana matsowa ciki maki na ƙaruwa, har a iso tsakiya inda maki goma yake. Wasan kuwa ba sabo ba ne. Yana cikin wasannin Olamfik tun na farko da aka yi a birnin Atina na ƙasar Girka a 1896, kuma daga nan zuwa yau sau biyu kaɗai aka yi ba da shi ba, watau a 1904 da 1928. Ƙungiyar duniya mai kula da shi, wadda ake kira ISSF, an kafa ta tun 1907, kuma hedkwatarta tana birnin Miyunik a Jamus.

Bindigar iska ba ta da albarushi ko kaɗan. Iska ce aka matse a cikin wata 'yar tukunya da ke ƙarƙashin bututun, idan aka taɓa kunama sai kaɗan daga cikinta ta fito ta tura ƙwayar dalma. Ƙwayar nan faɗinta milimita 4.5 ne, nauyinta kuwa kamar rabin giram. Siffarta kamar ta kalangu take, tsakiyarta a tsuke, kanta a shafe, domin ta huda takarda tsaf ba tare da ta yage ta ba, yadda alƙali zai ga daidai inda ta bi. Daga nisan mita 10 ake harbi da ita, a cikin ɗaki. Doguwar ta shiga Olamfik a Los Anjelis a 1984, gajeruwar kuwa, wadda ake riƙewa da hannu ɗaya, ta shiga a 1988.

Ita kuwa mai lamba .22 bindiga ce sosai mai albarushi, sai dai harsashinta ƙarami ne, milimita 5.6. Abin da ya bambanta harsashin da na manyan bindigogi shi ne, maganin da ke tayar da wuta ba a tsakiyar gindin kwanson yake ba, yana cikin leɓen gindin ne kewaye da shi, don haka ɗan ƙarfen bindigar gefe yake duka. Wani Bafaranshe mai suna Flobert shi ya fara ƙera irin wannan harsashi a 1845, irin wanda ake gasa da shi yanzu kuwa a Amurka ya fito a 1887. Ba ta da ƙara sosai, kuma ba ta dukan kafaɗa, shi ya sa aka zaɓe ta don gasa. Daga mita 50 ake harbi da doguwarta, a durƙushe, da kwance rub da ciki, da kuma a tsaye. A gasar Faris ta 2024 harbi ashirin-ashirin aka yi a kowane zama a zagayen share fage. Zoben maki goma a wannan nisa milimita 10.4 ne, watau kamar maɓallin rigar makaranta.

To, ina wahalar take? Ya mai karatu, dubi ayar da ke ƙarshen wannan jumla. Kusan girmanta ke nan ɗigon maki goma na doguwar bindigar iska, domin rabin milimita ne. Daga mita 10 babu idon da zai gan shi. Abin da maharbi yake gani baƙin da'ira ne kawai mai faɗin milimita 30.5, kuma doka ba ta yarda a ɗaura wa bindigar madubin kusanto da nesa ba. Ta wata 'yar huda yake leƙawa, ya daidaita ta da zoben da ke bakin bindiga, ya sa baƙin da'irar nan a tsakiyarsu. Bindigar kan kai nauyin kilo biyar da rabi, a tsaye yake riƙe da ita babu abin jingina, kuma harbi 60 zai yi cikin minti 75.

Da yake gwanaye ba su cika kuskure ɗigon ba, sai aka raba kowane maki gida goma, har mafi kyawun harbi ya zama 10.9. Kowane gida ɗaya daga cikin goman nan rubu'in milimita ne. 'Yan ajinmu masu son lissafi su gwada wannan. Idan tsakiyar ƙwaya ta kauce daga tsakiyar takarda fiye da milimita biyu da rabi, maki goma ya kuɓuce. A ce tsakanin hudar da maharbi ke leƙawa da zoben bakin bindiga santimita 80 ne. Mita 10 ya ninka wannan sau goma sha biyu da rabi. Ke nan idan bakin bindiga ya goce da kashi ɗaya cikin biyar na milimita, motsin da ido ba ya ko lura da shi, to goma ta koma tara.

Saboda haka abokin gābar maharbi a cikin jikinsa yake. Numfashinsa yana ɗaga bindiga yana sauke ta, don haka sai ya koyi fitar da numfashi ya dakata 'yan daƙiƙoƙi, ya yi harbi a cikinsu. In ya daɗe da yawa ido ya dushe hannu ya fara rawa, sai ya sauke bindigar ya sake daga farko. Bugun zuciyarsa yana bi ta ƙashi ya isa bututun. Yatsansa in ya fizgi kunama maimakon ya matsa ta sannu, ƙwaya ta tafi gefe. Bayan harbi ya fita ma ba ya ɗaga kai nan take, sai ya tsaya yadda yake na ɗan lokaci. A filin mita 50 kuma ga iska, wadda ke ture ɗan harsashin nan, shi ya sa akan kafa 'yan tutoci a fili don maharbi ya karanci inda take kaɗawa, ya jira ta lafa. Hausawa sun ce sannu ba ta hana zuwa. A wannan wasa ma gaggawa ce ke hana zuwa.

Akwai wani labari da ke nuna ainihin halin wasan. A sauran wasanni mai son maguɗi yakan sha ƙwayar ƙarin ƙarfi ne. A harbi kuwa maganin rage bugun zuciya aka haramta. A gasar Bejin ta 2008 wani maharbi daga Koriya ta Arewa, Kim Jong-su, ya ci lambar azurfa da ta tagulla a harbin gajeruwar bindiga, amma aka ƙwace su duka biyu da aka sami irin wannan magani a jikinsa. Ku duba fa, wasan da ɓarawonsa natsuwa yake sata, ai natsuwa ce jarinsa.

Wanda yake shakkar cewa zuciya ce ke harbi ba yatsa ba, ya ji labarin Matthew Emmons na Amurka. A gasar Atina ta 2004 ya riga ya ci zinariya a harbin kwance. A harbin zama uku kuma yana gaba da kowa da tazara mai yawa, saura harbi ɗaya. Ya auna, ya harba, amma allonsa bai nuna kome ba. Ashe allon maƙwabcinsa ya harba. Aka ba shi sifiri, ya faɗo daga na ɗaya zuwa na takwas. Bayan shekara huɗu, a Bejin, ga shi kuma a gaba, saura harbi ɗaya, sai bindigar ta tashi tun bai gama saukar da ita kan tsakiya ba, ya sami 4.4, ya ƙare na huɗu. Bai jefar da bindiga ya ce ya bar wasa ba. Ya koma Landan a 2012 ya ci tagulla a wannan gasa da ta kunyata shi har sau biyu. Wanda ya taɓa shiga ɗakin jarrabawa ya san amsa, amma tsoro ya sa ya rubuta ta ƙarƙashin wata tambaya dabam, zai gane abin da ya sami mutumin nan, kuma zai gane amfanin horon da ke koya wa mutum duba lambar allonsa kafin ya taɓa kunama.

Sai kuma Karoly Takacs, wani sajan a sojan ƙasar Hangari, wanda yana cikin gwanayen harbin gajeruwar bindiga na ƙasarsu. A 1938 gurneti ya fashe a hannunsa na dama, hannun da yake harbi da shi. Da ya warke sai ya shiga koya wa hagunsa a ɓoye, kuma a 1939 ya fito ya cinye gasar ƙasarsu. Yaƙin Duniya na Biyu ya hana a yi Olamfik a 1940 da 1944. Ya yi ta jira har 1948, ya je Landan ya ci zinariya yana da shekara 38, ya kuma maimaita a Helsinki a 1952. Lalle mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romonsa.

Wannan ya kawo ni ga dalilin da ya fi damuna. Wasanninmu na makaranta, ƙwallon ƙafa da tsere da tsalle da jifa, duk na masu ƙarfi ne da masu tsawo da masu gudu. A kowane ɗakin kwana akwai yaran da rabonsu a ranar gasar gidaje shi ne tafi daga bakin fili: mai ciwon asma, da mai sikila, da wanda shan inna ya taɓa wa ƙafa, da ɗan tsurut wanda ba a ko kallonsa in ana zaɓen 'yan wasa. Shin su ba su da wata baiwa da za su kawo wa gidansu kofi da ita? Harbin saiti ba ya tambayar ƙwanji. A Olamfik na Montiriyal a 1976, lokacin da maza da mata ke harbi tare, Margaret Murdock ta yi kunnen doki da Lanny Bassham, dukansu 'yan Amurka. Alƙalai suka ba shi zinariya suka ba ta azurfa, shi kuwa da aka zo buga taken ƙasa sai ya jawo ta suka tsaya tare a matakin na ɗaya. A Landan a 2012 Nur Suryani ta ƙasar Maleshiya ta shiga gasar bindigar iska tana da cikin wata takwas. Avani Lekhara ta Indiya, wadda haɗarin mota ya ɗora bisa keken guragu tun tana yarinya, ta ci zinariya a gasar naƙasassu ta Tokiyo a 2021, ta sake ci a Faris a 2024.

Shekaru ma ba su hana. A gasar Faris ɗin nan ta 2024, wadda ta ci zinariyar mata a doguwar bindigar iska 'yar makaranta ce daga Koriya ta Kudu, Ban Hyo-jin, mai shekara 16, watau sa'ata. A 2021 ta fara wasan. Bayan harbi 24 na zagayen ƙarshe ita da Huang Yuting ta ƙasar Sin suka tashi da maki 251.8 kowacce. Aka ce su yi harbi ɗaya na raba gardama. Ta sami 10.4, abokiyar karawarta ta sami 10.3. A wannan gasa kuma Yusuf Dikec na Turkiyya ya ci azurfa yana da shekara 51. Ku nuna mini wani wasa a filinmu wanda yarinya da sa'an mahaifinta za su hau matakin girma a mako ɗaya.

To, yanzu bari in juyo ga masu suka, domin suna da hujjoji, kuma ba na raina su. Hujja ta farko ita ce halin da ƙasa ke ciki. Mu 'yan makarantun kwana mun fi kowa sanin abin da bindiga ta yi mana. An kwashe ɗalibai a Chibok a 2014, da Dapchi a 2018, da Ƙanƙara a watan Disamba na 2020, da Kagara da Jangebe a watan Fabrairu na 2021, da Kuriga a watan Maris na 2024. Uban da ya ce ba ya son ɗansa ya ko taɓa bindiga yana da gaskiyarsa, gama wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Amma mu tambayi kanmu, waɗanda suka yi wannan ta'asa, a filin wasa suka koya? Aikinsu ruwan wuta ne da ƙara da firgitarwa, babu lissafi babu mai tsawatawa. A filin saiti kuwa darasin farko, tun kafin a ba ka ƙwaya ɗaya, shi ne ka ɗauki kowace bindiga a kan tana da harsashi ko da kai ka zazzage ta, kada bakinta ya dubi mutum ko da wasa, kada yatsanka ya kusanci kunama sai ka auna allo, kuma in jami'in fili ya ce a tsaya, kowa ya tsaya. Yaron da bai san bindiga ba sai a fim, gani yake ita ce girma. Wanda ya yi wata uku yana fama da ɗigon rabin milimita kuwa ya san cewa riƙe ta ba jarumtaka ba ne, ƙarfe ne mai tona asirin mai garaje.

Duk da haka ba zan ce wasan ba shi da haɗari ba. A ran 13 ga Maris 1996, a garin Dunblane na ƙasar Sukotland, wani mutum ya shiga makarantar firamare ya kashe yara 16 da malamarsu. Mutumin nan yana da lasin na bindigoginsa, kuma yana zuwa ƙungiyoyin harbi. A 1997 Birtaniya ta haramta wa jama'a mallakar gajerun bindigogi masu albarushi, har da mai lamba .22, har ya zama 'yan wasanta sai sun fita ƙasashen waje su yi atisaye. Darasin da na ɗauka a nan shi ne, masifa tana farawa ne daga ranar da bindiga ta bi mutum gida. Haka kuma kada wani ya ɗauki bindigar iska abin wasan yara. Tana tsiyayar da ido, tana ma kisa. Harsashin .22 kuwa, duk ƙanƙantarsa, yana tafiya fiye da kilomita ɗaya. Rigakafi ya fi magani.

Hujja ta biyu ita ce, wai asalin wasan yaƙi ne. Wannan ma akwai gaskiya a ciki. A Ingila an kafa ƙungiyar ƙananan bindigogi a 1901, lokacin da ake yaƙi da Bowa a Afirka ta Kudu, don a koya wa talakawa saiti. Amma ina asalin jifan mashi da muke yi a filinmu kowace shekara? Ina asalin kokawa da dambe da sukuwar dawaki? Dukansu daga fagen fama suka fito, aka sa musu doka da alƙali suka zama wasa. Ba wanda ya taɓa cewa ɗalibin da ya ci jifan mashi zai je ya soki maƙwabcinsa.

Hujja ta uku ita ce kuɗi. Wani zai ce makarantun da ke fama da ƙarancin ruwa da gadaje da kayan ɗakin kimiyya, ina su ina bindigar gasa, wadda tsadarta ba ta wasa ba ce? Na yarda ruwa da littafi su ne gaba, kuma ba na so a taɓa ko kwabo daga kuɗinsu. Sai dai a lura, wasan nan ba ya bukatar fili mai ciyawa ko babban dandali. Ɗaki mai tsawon mita 10 da 'yan kai ya isa, kuma ɗakin taro ko na cin abinci na kowace makarantar gwamnati ya fi haka. Bindiga ɗaya kuwa tana isar yara da yawa, suna yi bi da bi, kuma tana shekara da shekaru in an kula da ita.

Kafin in kawo shawarata sai mu ji abin da doka ta ce. Dokar Bindigogi ta Nijeriya ta 1959 ta sa bindigar iska cikin jerin bindigogin da ba a mallaka sai da lasin daga Sufeto Janar na 'Yan Sanda, kuma ta hana a ba wanda bai kai shekara 17 ba lasin. Ni shekarata 16, watau dokar ta hau kaina, kuma ban nemi a sassauta ta ba. Shawarata tana cikin da'irar doka ne, ga ta kamar haka.

Na ɗaya, a fara da bindigar haske, wadda ba ta fitar da ƙwaya sam. Siffarta da nauyinta kamar na ta gasa, amma haske take aikawa, allon lantarki ya nuna inda ya sauka. Ko an sace ta ba ta kashe ko ƙadangare. Ba ƙirƙirata ba ce. A Japan, inda dokar bindiga ke da tsanani ƙwarai, 'yan sakandare da irinta suke gasa. A Olamfik na Landan a 2012 ma, masu gasar wasanni biyar a haɗe da gajeruwar bindigar haske suka yi harbinsu. Duk abin da na lissafa a baya, numfashi da tsayuwa da matsa kunama, ana koyonsa da ita. Wannan kaɗai nake roƙo ya shigo cikin makaranta.

Na biyu, bindigar iska kada ta kwana a makaranta ko dare ɗaya. Ta zauna a ma'ajiyar 'yan sanda ko ta hukumar wasanni ta jiha, bisa lasin. Ɗaliban da suka cika shekara 17, suka kuma nuna ƙwazo da ladabi a matakin farko, su ne malamin wasanni zai kai filin hukuma, a ƙirga ƙwayoyin da aka ba kowa, a ƙirga hudar da ke takardarsa, kowa ya wanke hannu saboda dalma guba ce, a mai da bindiga inda aka ɗauko ta. Hawa mataki-mataki bisa shekaru abu ne da aka sani a wasan. A Jamus yaro ba ya harba bindigar iska a fili sai ya kai shekara 12, mai lamba .22 kuwa sai 14, da yardar iyaye da kuma mai kula a tsaye a kansa. Mu da halin ƙasarmu ya fi nasu tsanani, sai mu ɗaga shekarun.

Na uku, bindiga mai lamba .22 ba ta da hurumi da makarantar sakandare ko kaɗan. A bar ta ga manya waɗanda jiha ta zaɓa su wakilce ta.

Na huɗu, ba mai shiga ƙungiyar sai da takardar yardar mahaifinsa ko waliyyinsa, da shaidar malamin gidansu cewa ba mafaɗaci ba ne kuma ba ya cin zalin ƙanana. Wanda ya nuna mutum da bakin bindiga, ko da ta haske ce, ko da da sunan raha, a kore shi daga ƙungiyar korar da babu dawowa. Ina ganin wannan sharaɗi kaɗai zai gyara halin yara da yawa, domin wanda yake son a ɗauke shi dole ya kama kansa a ɗakin kwana da ɗakin cin abinci.

Ƙasa ma tana da riba a ciki. Nijeriya ta ci lambarta ta farko a Olamfik a Tokiyo a 1964, da Nojim Maiyegun ya samo tagulla a dambe. A Atlanta a 1996 Chioma Ajunwa ta ci zinariya a dogon tsalle, 'yan ƙwallonmu ma suka ci tasu. Amma har zuwa gasar Faris ta 2024 ba mu taɓa cin lamba a harbi ba, kuma daga Faris ɗin hannu rabbana muka dawo, alhali zinariya 15 aka raba a harbi kaɗai. Dubi Indiya. Duk yawan mutanenta, ba ta taɓa samun zinariyar mutum ɗaya shi kaɗai ba sai a 2008, da Abhinav Bindra ya ci gasar bindigar iska a Bejin. A Faris kuwa uku daga cikin lambobinta shida daga harbi suka fito. Mu ba ido muka rasa ba. Ƙasar da ta haifi maharba masu kwari da baka, ƙasar da yaro ɗan shekara goma ke kakkaɓo mangwaro ɗaya tak daga ƙolin bishiya da danƙo, ba za a ce babu masu saiti a cikinta ba. Sai dai ba a fafe gora ranar tafiya, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

A ƙarshe ina roƙon shugaban makarantarmu da malamin wasanni su dubi wannan magana da idon basira, in sun ga da ƙamshin gaskiya a cikinta su isar da ita ga Ma'aikatar Ilmi da hukumar wasanni ta jiha. Ina kuma roƙon ƙungiyar muhawara ta sa ta cikin batutuwan zango mai zuwa, domin masu ganin ban yi daidai ba su fito su kawo hujjojinsu a gaban kowa, a auna nawa da nasu. Wanda yake da amsa kuma bai samu damar magana ba, ga filin mujallarmu nan, ya rubuto a fitowa ta gaba. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya tsare makarantunmu, ya ba mu sa'ar jarrabawa, amin.

Daga wani ɗalibin Aji Biyar